Jan Biro a Hannun Yaya

A shekarun da nake ɗakin labarai na gidan rediyo, aikina shi ne juya labari daga Turanci zuwa Hausa kafin a shiga karanta shi. Litinin zuwa Juma'a ina Katsina, in an sauko daga masallaci in hau mota in dawo gida Dutsin-Ma. A ɗakin labarai muna da wata al'ada da ba ta san babba ba. Duk wanda ya rubuta abu, sai ya tura wa na kusa da shi ya bi shi da jan biro. Na sha ganin sabon ma'aikaci ya soke layin mutumin da ya isa ya haife shi, mutumin kuma ya karɓa ya ce madalla. Ba mai jin haushi, domin magana zarar bunu ce, in kuskure ya fita a iska ba a kiransa ya dawo. Na saba da wannan har na manta ba ko'ina ake yin haka ba.

Babbar yayarmu malamar aji biyu ce a wata firamare a Kurfi. Shekara takwas ta ba ni. Ta shiga koyarwa a makare, bayan ta yi aure ta haifi 'ya'yanta, da tsohuwar takardar malanta. Da aka ce sai da takarda ta gaba da wannan, ta shiga karatun ƙarshen mako, ta ci kowane darasi ban da Turanci. Sau biyu tana faɗuwa. Dama ɗaya ta rage mata, in kuma ta sake faɗuwa za a ɗauke ta daga aji a ba ta tebur a ofis, ta riƙa jera fayil har ta yi ritaya. Wannan teburin shi take gudu. Ta taɓa ce min ita da yara take shiri, takarda ba ta gaishe ta.

Ba ta roƙe ni in koya mata ba. Matata ta gaya wa cewa ranar Asabar za ta shigo ta gaishe mu. Ta kuwa zo da hantsi, da ƙullin daddawa da leda cike da tsofaffin takardun jarrabawa. Ta ajiye ledar a gefen tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, kamar wadda ta manta da ita. Ni na miƙa hannu na buɗe.

Haka muka fara. Takan iso da hantsi, ta tashi bayan azahar, saboda ba mai son yamma ta riske shi a wannan hanya. Cikin Asabar biyu na gane ba Turancin gaba ɗaya ne ya gagare ta ba. Tana karanta labari ta fahimta, tana amsa tambayoyinsa. Wuri guda take tuntuɓe, kuma masu jarrabawar suna son wurin.

A Turanci, in abu biyu sun faru a baya, mai magana ya tsaya a kan na biyun yana waiwayen na farkon, sai ya sa wa na farkon wata 'yar kalma, had, don mai sauraro ya san wanda ya riga wani. In kuwa abubuwan bi da bi ake kawo su, ba a bukatar ta. Hausa ba ta ɗaukar wannan kaya. Mukan ce ko da na isa tasha mota ta tashi, kowa ya gane a tasha aka bar ni. A ɗakin labarai kullum muna cin karo da kalmar, domin labarin rediyo daga ƙarshe yake farawa ya koma baya. Mukan juya ta da "tun da farko dai," ko "da ma," ko "kafin nan." A wurina abin ya zama kamar shan ruwa, shi ya sa na yi mata bayaninsa sau ɗaya, a tsaye, na ɗauka ya shiga.

Asabar ta uku ta zo da rubutun da na ba ta: ta ba da labarin wani mutum da ba za ta manta da shi ba. Ta rubuta a kan mahaifinmu. Rubutun hannunta manya-manya ne, a tsaye, irin na mai rubuta wa yara a allo. Na fara karantawa, sai na ga duk abin da Baba ya yi a duniya an sa masa had. Ya yi noma, had. Ya je kasuwa, had. Ya yi dariya ma, had.

Na ce, "Yaya, me ya kawo had a nan duka?"

Ta ce, "Ba kai ka ce na abin da ya riga ya wuce ba ne? Baba ya shekara talatin da rasuwa. In ba a ba shi had ba, wa za a ba?"

Na yi dariya. Da a nan na tsaya, da ba komai. Sai na ɗaga murya na kira matata daga madafa, na ce ta zo ta ji. Na gyara zama na karanta layi uku da muryar da nake karanta labaran duniya. Sannan na zaro jan biro daga aljihu na bi takardar ina sokewa, har ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta. Na miƙa mata na ce, "Sake rubutawa." Haka kawai, kamar yadda muke faɗa a ofis, ko "Yaya" ban haɗa da shi ba.

Ta karɓa ta ninke ta sa a leda. Ta ci abinci, ta yaba kifin, ta tambayi matata inda take sayen barkononta. Ta yi azahar, ta tafi a lokacin da ta saba tafiya. Ban ga komai ba.

Asabar ta gaba ba ta zo ba, ta aiko cewa ƙafa ce. Ta bayanta kuma wai suna ake yi a maƙwabta. Na duba kalanda na ga saura mako bakwai jarrabawa. Na ce wa matata ban san abin da ke damun Yaya ba, ga lokaci yana tafiya.

Tana tankaɗe ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni ka kira in zo in ji kuskurenta. Ni, matar ƙanenta."

Na ce, "Amma ai kuskure ne."

Ta ce, "Ban ce daidai ba ne, Malam. Na ce yayarka ce."

Na so in yi gardama. Ina da hujjoji a jere: jarrabawa ba ta san yaya ba, mai maki ba zai tambayi shekarunta ba, gara ta sha ja a gidana da ta sha a can. Duk gaskiya ne, kuma ba ko ɗaya da zai sa ta hau motar Dutsin-Ma. 

Asabar ta uku da daina zuwanta, ni na hau motar Kurfi. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa a gefen hanya, masu noma na biyu sun sunkuya a cikinsa. Na iske ta a tsakar gida tana tsinkar zogale a faifai. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da ƙafar da aka ce tana ciwo. Ta ce da sauƙi. Ita dai Auta take ce min tun ina ƙarami, ko da furfura ta fara fito min bai canja ba.

Na ce, "Yaya, in akwai abin da na yi rannan da bai dace ba..."

Ta ce, "Ka yi mi? Auta, sha ruwa."

Nan ta rufe ƙofar. In ta karɓi haƙurin, ta yarda kenan cewa ƙanenta ya isa ya ɓata mata rai. Na sha ruwa. Na ɗebi zogalen na kama tsinka, tana kallon yadda nake barin sanduna a ciki. Ledar takardun tana rataye a ƙusa bakin ƙofar ɗakinta, ba wanda ya dube ta a cikinmu.

Don kada shirun ya yi yawa, na ce mata a makon nan mun karanta labarin wata gobara, sai ta tuna min da ta gidanmu na Barkiya, wadda ta cinye rumbu. Na ce abin da ban manta ba shi ne yadda Inna ta sure ni ta fita da ni a guje, ina jin bugun ƙirjinta. Na sha ba 'ya'yana wannan labarin.

Hannunta ya tsaya a kan faifai. Ta ce, "Wa ya hidda ka?"

Na ce, "Inna."

"Inna ta tahi rijiya tun da sahe. Baba yana nan kasuwar Kurfi. Ni da kai kaɗai aka bari, kana kwance da baƙon dauro."

Ta ba ni labarin daga tushe, yadda take ba da kowane labari. Wutar daga dangar maƙwabta ta tsallako. Ita tana da shekara goma sha biyu, tana surfe a bayan ɗaki, ƙauri ta fara ji. Ta shiga ta goya ni da zanen Inna, ta fita, ta tuna da akuya a turke, ta koma da ni a bayanta ta kwance ta. Maza suka taru da ƙasa da ganye, aka tare wutar ba ta kai ɗakuna ba, amma rumbu ya tafi.

Ta ce, "Ko da Inna ta iso, wuta ta mutu. Kana bayana kana cin ƙuli. Ta yar da tulu ta hizge ka, ta yi ta gudu da kai har bakin gona, ba abin da ke bin ta. Sai da mata suka riƙe ta. Wannan gudun ka tuna."

Na shekara arba'in da wani abu ina ba da labarin a karkace, ni da nake cin abinci da tantance wanda ya riga wani.  Ita ta ci gaba da tsinka.

Na ce ta ba ni takarda in rubuta kada in sake ɓata shi. Ta nuna min wani tsohon littafin 'yan aji. Na yagi tsakiya, na rubuta layi shida. Da Turanci na rubuta. Ba zan ce tun daga Dutsin-Ma na shirya haka ba, amma ba zan ce kuma hannuna ne ya kuskure ba. Na ce ta saurara ta ji ko na daidaita, na karanta layin farko a hankali, da muryata ta gida.

"When the fire started, Inna went to the well."

Ta ce, "Sake."

Na sake.

"Wato wuta na ci, Inna ta ɗauki tulu ta yi tahiyarta rijiya? Uwar tamu ka mai da haka?"

Na ce, "To yaya zan yi da shi?"

"Kawo nan."

Ta goge hannu a zane, ta jawo jakarta ta makaranta, ta fito da jan biro. Ban taɓa kawowa a raina cewa tana da nata ba, alhali kullum da shi take bin littattafan yara. Ta ɗora takardar a gwiwa, ta soke went, ta rubuta had gone a samansa da manyan haruffanta. Ta bi sauran layukan da yatsa, leɓenta yana motsi. A layi na biyar na sa had a inda Inna ta fizge ni daga bayanta. Ta tsaya a nan ta daɗe.

Ta ce, "Nan ba ta riga komi ba. Dawowa ta yi, sannan ta karɓe ka. Bi da bi ne." Ta soke shi.

A ƙasan takardar ta rubuta huɗu bisa shida, ta zagaye. Ta miƙo min ta ce, "Sake rubutawa."

Na sake rubutawa, a zaune a kan tabarmarta.

Daga ranar ni nake zuwa Kurfi kowace Asabar. A cikin mako, tsakanin labaran rana da na yamma, nakan rubuta shafi biyu a kan gidanmu: shekarar da fara ta sauka, ranar da aka kai ni makarantar boko na gudo, tafiyar Baba neman sanmu na noma da ya ɓace har kwana uku. Nakan dasa kurakurai a ciki, wani wuri in cire had inda ake bukatarsa, wani wuri in cusa shi inda ba shi da aiki. Ita kuma ta bi da jan biro. Sau da yawa kafin ta kai ga Turancin sai ta gyara labarin kansa. Ashe san ba ɓacewa ya yi ba, bin garken wasu makiyaya ya yi, su suka dawo da shi, Baba yana can yana nemansa a wata nahiya. Da yake ta san wanda ya riga wani a kowane labari, sanin da ba na littafi ba, sai kalmar ta riƙa faɗawa inda ya kamata. A mako na uku ta yi wa kanta ƙa'ida, wadda ta fi tawa gajarta. Ta ce in abubuwa suna tafiya a jere kamar awaki a turba, a bar su su tafi. In ka wuce ɗaya ka dawo ɗaukarsa, shi ake ɗaura wa had.

Ba mu taɓa maganar abin da muke yi ba. Sau ɗaya na cika hannu, na zuba kurakurai tara a shafi guda. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Halan ku gidan rediyo ba a yi maku jarrabawa? Wa ya ɗauke ka aiki?" Na ce sa'a ce kawai. Ta ce ta ga alama.

Akwai kuma ranar da ta zagaye wani wuri da ban dasa komai ba. Na karɓa na duba, na sake dubawa. Kuskure ne na gaske, nawa. Na ji kunya, na kuma lura cewa ba haka nake ji ba in an soke ni a ofis. Na ce, "Wannan kam kin kama ni." Ta ce, "Sauran fa?" Ta juya shafi ta ci gaba da bi da jan bironta.

Matsalar da ta rage ita ce nata kuskuren. Wani lokaci takan soke abin da yake daidai, ko ta tsallake abin da na dasa, kuma ga sauran sassan jarrabawar da dole a taɓa. Ba zan iya cewa ta yi kuskure ba, ba zan iya kuma barin ta ta shiga da shi ba. Sai na ƙirƙiro wani mutum a ofishinmu. Nakan ce, "Ni dai na yarda, Yaya, amma akwai wani a ofishinmu, in ya ga wannan zai yi gardama."

Takan ce, "Mutumin nan ya cika baki. Mi zai ce?"

In faɗi abin da zai ce, dalla-dalla, da misali. Ta saurara tana taɓe baki, ta ce, "To, wannan karon ya yi gaskiya." Ta gyara da hannunta. Wani lokaci ta ce in koma in gaya masa bai iya ba, mu buɗe littafi mu duba. Sau biyu littafin ya goyi bayanta. Kafin mako na shida mutumin ofishinmu ya yi mata bayanin rubuta wasiƙa da taƙaita labari, ta kuma fara tambayar lafiyar iyalinsa. Ta ce in ya shigo Kurfi ya biyo ya ci tuwo, ta ga kalar bakinsa.

A Dutsin-Ma aka yi jarrabawar, a wani babban zaure. Ta biyo ta gidanmu da safe ta sha koko. Na raka ta har bakin ƙofar makarantar, a nan ta ce in koma, ba ta son a ce an kawo ta. Bayan azahar ta dawo. Na ce, "Yaya jarrabawa?" Ta ce, "An rubuta." Ta juya wurin matata suka shiga hirar tsadar tumatir.

An ɗauki watanni kafin sakamako ya fito, har aka yi girbi aka kai amfani gida. Ban tambaye ta ba ko sau ɗaya. Wata Juma'a na sauka a tashar Dutsin-Ma, wani direban motar Kurfi da ya saba kai ni a makonnin can ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, barka da arziki! An ce Malama ta haye." Kwana biyar kenan da fitowar sakamakon, duk unguwarsu an sani, an sha kunun sadaka. Ni mai aikin labarai a bakin direba na ji. Har yau ban san makin da ta ci ba, ban kuma san ko tambaya nawa aka yi a kan abin da muka sha wahalarsa ba.

Ranar Litinin na nemi izini a ofis na wuce Kurfi. Ban je gidanta ba, makarantar na nufa. Tun daga bakin hanya ake jin azuzuwa suna amsa karatu, kowane da nasa. Na bi baranda har na kai aji biyu. Tana tsaye a gaban allo, alli ya ɓata mata hijabi, yara sun cika benci har ƙasa. Wata yarinya tana allo tana fama da haɗa baƙi da wasali, Yaya ta riƙe mata hannu suna jan harafin tare. Ta hango ni ta taga. Ba ta saki hannun yarinyar ba, da haɓa ta nuna min darbejiyar da ke tsakiyar fili.

Na je na zauna a kan saiwarta, kusa da wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa. Na jira fiye da awa guda. Da aka kaɗa ƙarfen tashi, yara suka watse, ta fito da tarin littattafansu a ƙirji.

Na miƙe na ce, "Yaya, barka. Allah ya sa albarka."

Ta ce, "Amin. Ka zo a kan gaɓa, Auta. Riƙe nan."

Ta ɗora min littattafan, ta gyara hijabi, ta wuce gaba. Na bi ta a baya har gida.